Yara da Talabijin: Awa Nawa, Wane Shiri, Kuma Tare da Wa?

 

Talabijin ya shigo Nijeriya a 1959 ta Ibadan, ya iso Kaduna a 1962. A wancan zamani tasha ɗaya ce a Arewa, sai da yamma take buɗewa, dare na yi ta rufe. Ita da kanta take yi wa yaro iyaka. Yau tauraron ɗan'adam ya kawo tashoshi barkatai da ba sa barci, in an ɗauke wuta ga janareta ga sola, in an kashe akwatin ga wayar uwa. Iyakar nan ta dawo wuyan iyaye, kuma a kanta zan yi magana.

Mu fara da yawan kallo. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, in an rage ya fi. Ƙasar Faransa tun 2008 ta hana tashoshinta shirya shirye-shirye don yara 'yan ƙasa da shekara 3.

Me ya sa aka tsananta a kan ƙanana? A 2003 Farfesa Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun yi gwaji da jarirai 'yan wata 9 daga gidajen da Turanci ake yi. Wasu an riƙa kawo musu mutum yana yi musu wasa da hira da Sinanci, har zama 12. Wasu kuma an nuna musu irin wannan hirar ce a talabijin. Na farkon suka iya bambance sautukan Sinanci, na biyun suka tashi kamar ba su taɓa jin harshen ba. Jariri daga bakin mutum yake ɗaukar magana, mutumin da zai dube shi, ya amsa gwarancinsa, ya yi dariya in ya yi. Allo ba ya amsawa. Duk awar da jariri ya yi gabansa, an tauye masa awa guda ta hira da uwarsa da kakarsa da yayyensa.

Ga 'yan makaranta kuwa, mu auna da abin da kallon ke turewa. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, da aƙalla awa 1 ta guje-guje da tsalle-tsalle kullum. Ku ɗora masa boko da islamiyya da hadda da aiken gida, za ku ga abin da ya saura kaɗan ne. Yaron da ke gyangyaɗi a aji, sau da yawa daren jiya aka ci bashinsa.

Sai irin shirin da ake kallo. Tun farkon shekarun 1960 Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya nuna cewa yaran da suka ga babba yana jibgar ɗan tsana, ko da a fim ne, sukan kwaikwayi dukan in an bar su da shi. Mu dubi ɗakunanmu. Kokawar Turawa, fina-finan Indiya na fassara masu sara da suka, labarai masu nuna gawarwaki, duk manya ne ke kunna su, yara na zaune a ƙasa suna haɗiya. Ba duk katun ba ne na yara, haka nan ba duk fim ɗin Hausa ba ne ya dace da ɗan shekara 7, domin rikicin kishiyoyi da saki da zage-zage don manya aka shirya su. Ga kuma talla, wadda ƙaramin yaro bai san ciniki ake yi da shi ba. Dalilin da ya sa ke nan Suwidin ta hana tallan talabijin da ke farautar yara 'yan ƙasa da shekara 12.

Akwai shirin kirki, kuma yana da alamomi. An yi shi don shekarun yaron, yana tafiya a natse, yana maimaita darasi, yana tambayar yaro ya jira amsa. Sesame Street da aka fara a Amurka a 1969 a kan wannan tsari aka gina shi, kuma a 2011 NTA ta fara nuna irinsa na Nijeriya mai suna Sesame Square. Ina kira ga tashoshinmu da marubutanmu da masu shirya fina-finai: muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da kacici-kacici da karin magana. Yaran Hausawa sun cancanci shiri mai inganci da harshensu.

Amma shiri komai kyansa, amfaninsa na ƙaruwa ne in babba na kusa. Uba ya zauna ya tambaya: me ya sa wancan ya yi kuka? Da kai ne, ya za ka yi? Da wannan tambaya kallo ke zama darasi. Na san iyayenmu mata aiki ya yi musu yawa, ga girki ga wanki ga sana'a, wani lokaci akwatin nan ne kaɗai ke ba su sarari. Shi ya sa nake ɗora nauyin a kan gida duka, musamman mu maza da rimot ke hannunmu.

Kowa ya koma gida da ƙa'ida mai sauƙi. A kashe talabijin lokacin cin abinci, da awa 1 kafin barci. Kada a sa shi a ɗakin kwanan yara, kada a bar shi yana ta surutu ba mai kallo. A zaɓi shirin kafin a kunna, yana ƙarewa a kashe. Babba ya fara bin dokar da kansa, don yaro abin da ya gani yake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma 'ya'yan nan amana ce da za a tambaye mu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon sauke nauyinsu.