Bado da Kududdufan Kano



Maganar da zan yi yau a kan bado ce, watau furen nan fari mai faffaɗan ganye da ke shimfiɗe bisa ruwa, wanda yakan buɗe da dare, ya rufe in hantsi ya yi. Hausawa sun ce kainuwa dashen Allah, gama yawo take a kan ruwa. Bado kuwa saiwarsa a laka take, don haka inda kududdufi ya mutu, nan shi ma yake mutuwa.

Kududdufan Kano asalinsu ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini da ta ganuwa. Da damina su cika, su sauƙaƙa wa unguwa ambaliya. Bature Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ambaci Jakara a cikin littafinsa. A irin waɗannan ruwaye bado yake tsiro, a shekarun yunwa kuwa tushensa da 'ya'yansa sun ciyar da talakawa.

Abubuwa uku ke kashe shi. Na farko, cike kududdufai. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Fagge da Sabon Gari suka bunƙasa, fili ya yi tsada, aka riƙa zuba shara a kududdufi har ya cike, sa'an nan a gina kanti a kansa. Na biyu, ƙazanta. Rafin Jakara yana ɗauke da ruwan kwatami da na mahautar Fagge, a gaba kuma rafin Getsi ya ƙara masa dagwalon masana'antun Bompai. Na uku, madatsun ruwa. Bayan an gama Tiga a 1974 da Challawa a 1992, cikar kogi da janyewarsa sun sāke a fadamun Haɗejiya da Nguru, ciyawar kacala ta mamaye wuraren da bado yake.

Wani zai ce, ina ruwan malamin Hausa da wannan? Amsa ita ce, kalma ba ta daɗewa bayan abin da take nufi ya ɓace. Dalziel ya tattara sunayen tsire-tsire na Hausa a 1916, Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934. Yaron Fagge da bai taɓa ganin bado ba, sai dai ya tarar da sunan a shafin ƙamus, kamar baƙo.

Saboda haka roƙona biyu ne. Ku ma'aikatan ƙasa da tsara gari, ku ƙidaya kududdufan da suka rage, ku shata iyakarsu, ku hana sayar da su. Ku ɗalibai kuwa, ku je wurin tsofaffi da masunta da masu magani, ku rubuto abin da suka sani game da bado tun suna raye.