Berea, kwalejin 'ya'yan talakawan duwatsu

Yau za mu leƙa Amurka, jihar Kentucky, gindin duwatsun Apalaciya. Can Kwalejin Berea take.

Wani fasto mai ƙin cinikin bayi, John Fee, shi ya kafa ta a 1855. Baƙar fata da farar fata aji ɗaya, maza da mata. Dokar jiha ta raba baƙar fata da farar fata a 1904, sai a 1950 aka sake haɗa su.

Ku saurari abin da ya fi burge ni. Ɗalibi ba ya biyan kuɗin karatu. Ba ya biya, amma kowa sai ya yi aiki. Wata na zaune gaban masaƙa, wani na ɗaure tsintsiya da hannu, sana'ar iyaye da kakannin yankin.

Mu kwana nan, jama'a.