Hular Kwano ta Farko Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

 

An ce in yi magana kan yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi hular kwanonsa ta farko, irin wadda ke rufe kai da fuska har haɓa. Manyan da ke nan za su tuna watan Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano. Kafin mako ya zagayo sai ga 'yan acaɓa a nan Kano da ƙwarya a ka, an ɗaure ta da igiya, wata ma an shafa mata fenti. An sha dariya. Amma har yau yawancinmu don idon ma'aikaci muke sayen hula, alhali kwalta ce za ta jarraba ta.

Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugi ƙasa, ƙashi ya tsaya cak, ita kuwa ba ta tsaya ba, sai ta je ta daki ƙashin ta ciki. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Hugh Cairns, yana cikin waɗanda suka duba shahararren sojan Ingila T. E. Lawrence da ya faɗi da babur ya mutu a 1935. Abin ya tsaya masa a rai, ya bi diddigin mutuwar sojoji masu kai saƙo a kan babur, har rundunar Ingila ta wajabta musu hula a 1941. Aikin hula shi ne ta hana kai tsayawa cak. Ɓawon waje yana watsa ƙarfin bugun, farin soson nan mai tauri da ke ƙarƙashinsa kuma, ɗan'uwan wanda ake kunshe sabon firiji da shi, yana lotsawa a hankali ya shanye sauran. Wannan soson shi ne hular. Wadda ba ta da shi, ko da ta yi ƙyalli, ƙwarya ce ta roba.

Wani babban nazari na cibiyar Cochrane a 2008 ya nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. To me ya sa na nace sai mai haɓa? Masu binciken haɗurra a birnin Hanofa na Jamus sun ƙirga inda huluna ke buguwa, suka tarar kusan ɗaya cikin uku a wajen haɓa ne. Mutum in ya tashi sama daga babur, sau da yawa da fuska yake sauka. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiyar mai karayar muƙamuƙi, an ɗaure masa baki da waya yana shan kunu ta tsinken roba, ya fahimce ni.

Yanzu mu shiga kasuwa. Abu na farko awo ne, kuma a nan Bahaushe ya fi kowa sa'a, don ya san lambar hularsa. Mai sanya zanna lamba 22 kansa santimita 56 ne, wato S. Mai 22 da rabi zuwa 23 yana wajen M. Wanda ya haura haka ya fara gwada L. In kana shakka, je wurin tela ya zagaya maka tef, yatsa biyu sama da gira. 'Yan'uwa mata kuma ku gwada da ɗan siririn hijabin da za ku riƙa sawa a ciki, ba a kan ɗaurin ɗankwali ba.

Ni kaina na yi wannan kuskuren. Da na je sayen tawa ta farko, mai shagon ya ce, "Malam, ɗauki babbar, ka fi shan iska." Na ɗauka. A hanyar Zariya ina ƙara wuta iska ta ɗaga ta, haɓar ta dawo kan hancina, na yi tafiya da hannu ɗaya ina danna ta ƙasa. Hula ta ƙwarai tana matse kumatu har ka ji kamar za ka ciji gefen bakinka. Sa ta, ɗaure maɗaurin, ka bar wurin yatsa biyu kawai. Riƙe haɓar ka juya ta dama da hagu: fatar goshinka ta bi ta. Sannan ka sa mai shagon ya kama ta ta ƙeya ya turo gaba. In ta zame ta fita, mayar masa. In ta zauna, ka yi minti goma da ita ana ciniki, ka ji ko akwai inda take cizo a goshi.

Sai shaida. Za ku ga an rubuta DOT a bayan huluna da yawa. Ƙa'idar Amurka ce, mai kyau, amma kamfanin ne da kansa ke cewa ya cika ta, ba ta gwada haɓa, kuma sitikar kowa na iya bugawa. Na fi amincewa da ta Turai, ECE, wadda sai an kai hula ɗakin gwaji kafin a ba ta. Ita a maɗauri ake ɗinke ta: ɗan ƙyalle mai da'ira da harafin E da lambar ƙasar da ta amince, E1 Jamus, E2 Faransa, E3 Italiya. Ƙarƙashinsa doguwar lamba ce mai farawa da 05 ko 06, ta biyun ce sabuwa. Nemi harafin P a cikinta, shi ne alamar an gwada haɓar. In NP ka gani, haɓar ado ce. Hulunan Indiya kuwa, irin su Studds da Steelbird, tambarin ISI suke ɗauke da shi. Tunda jabu ya yi yawa, haɗa da hannunka: ɗaga ƙyallen ciki ka taɓa soson, kada kaurinsa ya gaza inci guda, matse haɓar da hannu biyu, kada ta lanƙwashe kamar bokiti, ɗaga ta ka ji, ta gaske tana kai wajen kilo ɗaya da rabi.

An ce araha ba ta ado, to mu ba ado muka zo nema ba. Shirin SHARP na gwamnatin Birtaniya, da aka kafa a 2007 don ba huluna tauraro ɗaya zuwa biyar, ya sha nuna mai araha ta kamo mai tsada. Tsadar yawanci ta suna ce, da zane, da rashin nauyi. Ɗauki mai ɓawon roba, launi ɗaya, fara in da hali, ta fi ganuwa da dare. Gilashin ya zama garau, ban da baƙi, don magariba za ta riske ka a hanya. Ka tabbatar ƙofofin iskarta suna buɗuwa, ƙyallen ciki kuma yana cirewa a wanke. Wanda ya san zafin Afrilu ya san hular da ke dafa kai a rataye take ƙarewa.

Gwanjo kam ban yarda ba, ko da sunanta ya kai ina. Soson nan sau ɗaya yake aiki. In ya lotsa ba ya dawowa, kuma ba a gani daga waje. Ba ka san kan wa aka cire ta ba. Taka ma, in ka faɗi da ita, ta gama aikinta. In ba ka faɗi ba, masu ƙerawa suna cewa a canza bayan kamar shekara biyar. Kada ka kifa ta a kan tanki, tururin fetur yana cin soson.

Na zo da huluna biyu da na sa aka tsaga da zarto. Ɗaya fara ce marar zane, ɗayar ja ce mai hoton damisa da sitika uku a ƙeya. A miƙa su daga sahun gaba, kowa ya danna cikinsu da babban yatsa. In sun kai baya sai mu karɓi tambayoyi.