Karatun raino da zaman iyali a jami'a

 

Yau hirarmu a kan wani karatu ne da ake yi a jami'a. Sunansa ilimin girman ɗan Adam da zaman iyali. Ɗalibi yana koyon yadda mutum yake girma, tun yana ciki har ya tsufa. Yana koyon yadda jariri yake fara gane uwarsa, da yadda yaro yake koyon magana. Yana karanta sha'anin balaga, da aure, da rabuwar aure, da kula da tsofaffi. Ana kuma koya masa lissafi, don ya iya auna abin da ya gani.

A Amurka karatun yana da sashe nasa a jami'o'i da yawa, kamar jami'ar jihar Pensilbaniya. Shekara 4 ake yi kafin a sami digiri na farko. A nan ƙasarmu, a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ana samun wani ɓangare nasa cikin ilimin halayyar ɗan Adam da ilimin zamantakewa.

Wani zai ce: "Malam, raino ma sai an je jami'a? Kakanninmu da suka raine mu, wace jami'a suka yi?" Tambayar tana kan hanya. Kaka ta san raino, babu musu. Amma kaka jikokinta kaɗai ta gani. Mai wannan karatu yana duba yara ɗari ko dubu. Yana rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Wani lokaci yana bin yaran nan har shekara 20. Ta haka ake rabe abin da yake taimakon yaro da abin da kawai aka saba yi.

Ga misali na farko. A shekarar 1954 wata malama mai suna Meri Ainsworth ta je ƙasar Uganda. Ta riƙa ziyartar gidaje 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kampala. Tana zama, tana kallon uwa da jaririnta, tana rubutawa. Ta lura cewa yaro mai rarrafe yakan yi nisa kaɗan, ya waiwayo, ya dawo ya taɓa uwarsa, sannan ya sake tafiya. Uwar da take saurin amsa kukan ɗanta, ɗan nan ba ya yawan kuka, kuma ya fi sakin jiki ya bincika abin da ke kewaye da shi. Ashe ɗaukar jariri in ya yi kuka ba sangarta ba ce. Wannan darasi daga matan Afirka aka samo shi, kuma har yau ana koyar da shi a jami'o'in duniya.

Ga misali na biyu. A shekarun 1986 da 1987, a birnin Kingiston na ƙasar Jamaika, an zaɓi yara 129 waɗanda rashin abinci mai kyau ya tsumburar da su. Shekarunsu ba su wuce 2 ba. Aka raba su kashi-kashi. Wasu daga ciki, ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu sau ɗaya a mako, har shekara 2. Ba kuɗi take kawowa ba. Tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai. Kayan wasan ma da tarkacen gida aka yi su.

Bayan shekara 20 aka nemo yaran nan, sun zama manya. Waɗanda aka yi wa wasa da hira, abin da suke samu a wurin aiki ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100. Wato in wancan ya sami dala huɗu, wannan ya sami biyar. Ido ɗaya ba zai ga wannan ba. Sai da rubutu da haƙuri.

To, mene ne rabonku a ciki? Abu biyu.

Na ɗaya, ku yi wa yaranku magana tun ba su iya amsawa ba. Uwa, in kina daka, ki ce masa: "Ga turmi, ga taɓarya, ga hatsi." Uba, kai ma aikinka ne. In ka dawo daga gona, ka ɗauke shi, ka nuna masa akuya, ka faɗi sunanta. In kunyar ɗan fari ta hana ku, to kaka ko gwaggo ta yi. Gwangwani da tsakuwa a ciki, in an rufe bakinsa sosai, ya isa abin wasa. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Na biyu, in ɗanku ko ɗiyarku ta ci jarrabawa, ta ce wannan karatu take so, kada ku ce aikin banza ne. Masu shi suna aiki a makarantun ƙananan yara, da asibiti, da gidajen marayu, da ofisoshin kula da jin daɗin jama'a. Su ne suke zama da iyalin da ya shiga wahala, su saurara, su ba da shawara. Likita yana duba jiki. Su kuwa suna duba gida.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauki littafinsa ya rubuta kalmomi uku: raino, wasa, hira. Sannan ya rubuta sunayen abubuwa biyar da ya nuna wa ƙaramin yaro a gidansa. Ku kai wa malaminku, ku karanta a gaban aji.

Allah ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.