Yaro da na'urar jinsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 34 ne ke fama da raunin ji mai buƙatar kulawa. Wanda iyayensa suka samo masa na'urar ƙara ji ya yi sa'a, amma da sauran aiki, domin uwa ba za ta bi shi makaranta ba.

Koya wa yaro kula da na'urar yana farawa da launin da ke jikinta: ja na kunnen dama, shuɗi na hagu. Ɗan shekara huɗu yana iya riƙe wannan. A tsayar da shi gaban madubi ya saka da kansa, ko da zai ɓata lokaci. Idan na'urar ta riƙa fito, robar da ke shiga kunne ce ba ta zauna daidai ba, sai ya gyara. In fiton ya ƙi tsayawa, wataƙila kunnen ne ya girma, a koma asibiti a auna masa wata.

Batir kam sai babba na kusa. Ƙanƙane ne kamar maɓalli, kuma haɗiye shi na iya ƙona maƙogwaro.

Ruwa ma abin kiyayewa ne. Yaro ya saba cire na'urar kafin wanka da alwala, ya sa ta cikin akwatinta, ba aljihu ba. Da dare ya goge gumi da ƙurar hunturu da busasshen ƙyalle, in babba na kusa ya buɗe murfin batir ta sha iska.

Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne koya masa faɗa wa malami, ba tare da kunya ba, cewa na'urar ta ɗauke, ko yana son zama a layin gaba.