Gadon da Wuta Ba Ta Ci Ba

Jawabin wani tsohon malamin ilimin halittu a bikin karrama ƴaƴan Tumur da suka ci jarrabawar bakaloriya a sashen kimiyya



Mai martaba sarki, Allah ya ja zamaninka. Wakilan hukuma da kuka taso daga Bosso da Diffa, limamai da malaman zaure, abokan aikina malaman makaranta, iyaye mata da kuka ajiye ƙwaryar nono kuka zo, iyaye maza da kuka bar garke a hannun yara, sannunku da zuwa. Ku kuma ƴaƴana da muka taru dominku, barkanku da arziki.

Na san a ƙarƙashin rumfar nan akwai wanda Fulatanci ya sha a nono, akwai wanda Barbarci ya sha. Zan yi magana da Hausa domin ita ce ke haɗa mu a kasuwa, ina kuma roƙon mai fassara ya bi ni a hankali.

Babu wanda ya manta daren 12 ga Disamba 2020, lokacin da aka cinna wa garin nan wuta. An kashe mutum 27 aƙalla, kasuwa ta ƙone, ɗaruruwan gidaje suka zama toka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yaran da ke zaune gabanmu ƙanana ne a lokacin. Wasunsu littattafansu sun ƙone, wasunsu a gidajen dangi a Diffa suka ƙarasa karatu. Yau ga su da takardar shiga jami'a a hannu, da yawa daga cikinsu kuma sun ce mini ilimin halittu za su bi. Shi ya sa na zaɓi in yi maganar gado.

Akwai gadon da alƙali ke rabawa: shanu, gona, gida. Wannan gadon, wuta tana cin sa, ɓarawo yana kora shi. Akwai kuma gadon da aka riga aka raba tun jariri yana ciki, wanda ke sa kaka ta dubi jikanta ranar suna ta ce hancin mijinta ne ya dawo. Ƴaƴana, kada ku shiga jami'a da tunanin cewa Turawa ne suka fara lura da wannan. Makiyayin da ke zaɓen bijimin da zai bari a garke, ya fiɗiye sauran, yana iya lissafa maka uwar saniyarsa da kakarta da irin nonon da kowace ta bayar. Manomin tattasai a bakin Komadugu yana ware ƴaƴan da suka fi ja da kauri domin iri. Mun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mun kuma lura wani lokaci lissafin yana kucce mana, sai mu ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Abin da iyayenmu ba su samu ba shi ne dalilin kuccewar.

Wanda ya fara kama bakin zaren wani limamin coci ne, Gregor Mendel, a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yau. Shekara takwas ya yi yana barbarar wani irin wake na ƙasarsu yana ƙirga abin da ya fito. Ya haɗa dogo da gajere, ƴaƴan duka suka fito dogaye, kamar gajarta ta mutu. Da ya shuka jikokin, sai ga ta ta dawo: a kowane huɗu, uku dogaye, ɗaya gajere. Ashe laɓewa ta yi. Daga nan ya gane cewa kowane hali ƙwayar gado biyu ke riƙe da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma wata tana rinjayar wata ba tare da ta kashe ta ba. Ya wallafa aikinsa a 1866, duniya ba ta waiwaye shi ba sai a 1900, bayan ya daɗe da rasuwa. Kayan aikinsa lambu ne da takarda da haƙurin ƙirga, kuma duka ukun akwai su a Tumur.

To ina ƙwayoyin gadon suke zaune? Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani ɗan rumbu, cikin rumbun akwai dammuna. Na mutum 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba. Na saniya 60, na tattasai 24, na gero 14. Idan aka kwance damin, abin da ke ciki igiya ce siririya mai tufka biyu, kamar yadda tsofaffinmu ke tufka igiyar kaba. Ita ce DNA, wadda littattafanku na Faransanci ke kira ADN. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarta a Kambirij, bisa hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin a Landan. Ku ƴan mata ku riƙe sunan matar nan, domin an daɗe ba a ba ta haƙƙinta ba.

A jikin igiyar akwai rubutu da harafi huɗu kawai: A, T, G, C. Kullum A tana fuskantar T, G tana fuskantar C. Saboda haka idan ƙwaya za ta rabu biyu, sai igiyar ta warware, kowane silli ya tufka wa kansa sabon abokin zama, a samu igiya biyu iri ɗaya. Ana karanta haruffan uku-uku, kowane uku yana kiran tubali ɗaya na furotin, furotin kuma shi ke aikin jiki. Rabon da ka karɓa daga uwa harafi kimanin biliyan 3 ne, na uba ma haka, kuma igiyar da ke cikin ƙwaya guda za ta kai mita biyu in an miƙe ta. An kammala babban aikin karanta rubutun ɗan Adam a 2003. Abin da aka gani ya kamata a faɗe shi a gari irin namu: ɗauki kowane mutum biyu, Bafillace da Babarbare, Buduma da Bahaushe, Tubu da Balarabe, a cikin harafi dubu kusan ɗaya ne ya bambanta su.

Sai dai harafi ɗaya yana iya kwantar da gida. A nan zan daɗe, ku gafarce ni.

Na taɓa koyar da wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa wadda duk sanyin hunturu sai ta ɓace daga aji. Idanunta rawaya, gaɓoɓinta suna yi mata ciwo har ta kasa riƙe alƙalami. Dangin ubanta suka ce uwar ce ta kawo musu cuta a gida. Aka yi maganin iska, aka yi maganin mayu, aka sayar da shanu. Ba ta kai jarrabawar ƙarshen kwaleji ba, Allah ya karɓi abinsa. Ciwonta amosanin jini ne, wanda ake kira sikila. A dami na 11, a wurin da ya kamata a karanta GAG, an rubuta GTG. Wannan kaɗai ya isa ya sa jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120.

Iyaye, ku saurari wannan da kyau. Yaro ba ya kamuwa sai ya karɓi harafin daga uwa, ya kuma karɓa daga uba. Mai ɗauke da guda ɗaya, wanda likita ke rubuta wa AS, lafiyarsa ƙalau, yana noma yana kiwo, bai ma san yana da shi ba. Gajartar waken Mendel ce, ta laɓe. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon. Ba wai ɗa na huɗu ne zai kamu ba: kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, ana iya samun uku a jere, ana iya wucewa babu ko ɗaya. Uwar yarinyar nan ba ta da laifin da mijinta ba shi da shi, kuma shi ma ba shi da laifi. Haka nan matar da ake yi wa gori don ta haifi mata zalla: uwa damin X kawai take bayarwa, daga wajen uba damin X na mace ko Y na namiji ke zuwa, kuma shi ma ba zaɓinsa ba ne, hukuncin Allah ne.

Me ya sa harafin ya yawaita a ƙasashenmu? Sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Duk wanda ya kwana a bakin Komadugu da damina ya san irin yaƙin da kakanninmu suka yi. Harafin garkuwa ne ga mai guda ɗaya, shi ya sa ya bi zuriya har ya iso gare mu. Babu abin kunya a cikinsa.

A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a mai da wani makamin da ƙwayoyin bakteriya ke kare kansu da shi ya zama almakashin yanka DNA a daidai inda ake so. Sunansa CRISPR, sun karɓi kyautar Nobel a kansa a 2020. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila na farko da aka yi da shi: ana ciro ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a farkar da irin jinin da yake da shi tun yana ciki, a mayar masa. Na yi murna ranar da na ji, na kuma yi baƙin ciki da na ji kuɗin: dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, fiye da sefa biliyan guda, alhali mafi yawan masu ciwon a Afirka ake haifar su. Abin da ke hannunmu yau shi ne ɗigon jini kafin a kai goro. Gwajin Emmel yana nuna ko akwai harafin, gwajin elektroforez yana raba AS da SS. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo, a Kano kuma tun 2024 doka ta wajabta gwaji kafin aure. Ban zo in rushe auren zumunci ba, shi ya riƙe dangi da dukiya tun kaka da kakanni. Amma ƴan uwa sun fi yiwuwar ɗaukar harafi iri ɗaya, don haka su suka fi buƙatar gwajin. Malamai masu ɗaura aure, wannan roƙo gare ku na kawo shi.

Ga masu niyyar karatun noma da kiwo, jami'ar Diffa da aka kafa a 2014 tana nan kusa, aikin kuma yana jiran ku a ƙofar gida. Manomi yakan sayi irin tattasai na gwangwani, ya sami amfani mai kyau, ya ajiye ƴaƴansa, shekara ta zagayo gona ta fito barkatai, wani dogo wani guntu. Yakan ce an cuce shi. Irin haɗe ne, ƴaƴansa suna rarrabuwa kamar yadda Mendel ya ƙirga, kuma ku ne za ku bayyana masa. Irin gida kuwa, wanda ya saba da ƙasarmu da ruwanmu, ƴan shekaru kaɗan yake yi a ajiye ya daina tsira. Tun daga dokar ta-ɓacin 2015, gonaki nawa aka bari a bakin kogi, iri nawa ya mutu a cikin tulu? Lokacin da yaƙi ya raba masana da rumbun irinsu na Halab a Siriya, abin da ya cece su shi ne sun riga sun kai ajiya rumbun duniya na Svalbard a Norwe. A 2015 suka karɓo, suka sake shukawa a Labanan da Maroko. Mu ma muna da rumbun ICRISAT a Sadore kusa da Yamai, muna da cibiyar binciken noma ta INRAN. Wani daga cikinku ya bi tsofaffin manoma gida-gida, ya karɓi tafin hannu na kowane iri, ya rubuta sunansa da garinsa.

Haka shanun Kuri, fararen nan marasa tozo masu manyan ƙahoni, da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri a tafkin Cadi. Babu irinsu a wani wuri a duniya. Da rikici ya fito da masu su tudu, sai suka ƙara cakuɗa da jajayen shanunmu masu tozo. Cibiyar kiwo ta Sayam tana ƙoƙarin riƙe irin, tana kuma buƙatar matasan da suka iya karanta DNA su gane tsantsa daga gauraye, suka iya daskarar da maniyyin bijimi ya yi shekaru yana jira.

Za a kuma tambaye ku game da irin da aka sa wa ƙwayar gado daga wata halitta, kamar waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanson wake ba ta iya cin sa. Wasu sun rungume shi, wasu suna tsoron sa. Ra'ayina shi ne kada ku amsa da jita-jita, kada kuma ku amsa da bakin mai sayarwa. Ku tambayi wace ƙwaya aka sa, wane gwaji aka yi, wa ke da ikon mallakar irin, kuma ko manomi zai iya ajiye shi ya shuka baɗi.

Ina godiya ga iyayen da suka sayar da ɗan akuya suka sayi littafi, da dangin da suka buɗe ɗakunansu a Diffa, da malaman da suka ci gaba da zuwa aji a shekarun da hanya ba ta da tabbas. Allah ya saka muku da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Mai martaba, ranka ya daɗe, ina neman izini a fara kiran suna. A fara da ƴan mata, kowace kuma ta taso tare da mahaifiyarta.