Baƙo ko Ɗan Gida? Neman Bizar Ziyara ga Abokin Aure Ɗan Wata Ƙasa

  

Watakila wani ya ce batun da muka zaɓa bai shafe mu ba, tun da yawancinmu ko kuɗin makaranta ba mu gama biya ba, balle a yi zancen aure a wata ƙasa. To, amma kowace shekara akwai waɗanda ke tashi daga cikinmu su tafi ƙarin ilmi Alƙahira, ko Madina, ko Malesiya, ko Ingila. Hausawa kuma sun ce matar mutum kabarinsa. Sai ka ga wanda ya tafi neman digiri ya yi aure a can, har an sami ƙaruwa. Ana nan sai saƙo ya zo daga gida cewa tsohuwa ba ta jin daɗi, tana son ta ga surukarta da jikanta. Shi yana da fasfon Nijeriya, ba mai tare shi a hanya. Ita kuwa, a idon doka, baƙuwa ce, sai an ba ta izini kafin ta taka ƙasar mijinta. Wannan izini shi ne biza, kuma yadda ake neman sa shi ne abin da za mu tattauna a kai yau.

Bari mu fara da misali guda, mu riƙe shi har ƙarshen magana. Mu ɗauka wani ɗan'uwanmu yana karatu a Alƙahira, ya auri wata 'yar Sudan da yaƙin da ya ɓarke a ƙasarsu cikin Afrilun 2023 ya koro iyayenta zuwa Masar. Mu ɗauka ma 'yar garin Mai Wurno ce, watau garin nan na bakin kogin Nilu wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa da mutanensa bayan yaƙin Burmi na 1903. Tana jin Hausa, tana tuƙa tuwo, kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka fita. Duk da haka fasfon da ke hannunta na Sudan ne, kuma da shi hukuma za ta yi aiki. A zamanin da kakannin nata suka bi hanyar gabas, matafiyi ba ya bukatar hatimi a littafi kafin ya wuce. Amma tun da aka shata iyakoki, aka kuma zauna a birnin Paris a 1920 aka daidaita siffar fasfo, sai tafiya ta koma hannun takarda. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Abu na farko da ya kamata ɗan'uwan nan ya bincika shi ne ko matarsa na bukatar biza ma tukuna. Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Saboda haka da matar 'yar Ghana ce ko Senegal, da magana ta ƙare. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, amma a lokacin fitar tasu ƙungiyar ta nemi sauran ƙasashe su ci gaba da barin mutanensu suna shige da fice kamar da, har zuwa wani sabon umurni. Wanda abin ya shafa sai ya tambaya kafin ya ɗaura kaya. Sudan kuwa ba ta cikin wannan tsari, don haka matar ɗan'uwanmu sai da biza.

Abu na biyu shi ne sanin inda za a nema. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin ƙasa uku ce ta haɗu a kan magana ɗaya: mijin ɗan Nijeriya, matar 'yar Sudan, mazauninsu kuma Masar. Al'adar ofisoshin jakadanci ita ce su karɓi takardun mutum a ƙasarsa ta asali, ko kuwa a ƙasar da yake zaune bisa ƙa'ida. Ke nan takardar izinin zama, wadda mazauna ƙasashen Larabawa ke kira iƙama, ita ce ginshiƙin neman. In ta ƙare, ko ta kusa ƙarewa, to, a fara sabunta ta. Amfaninta biyu ne. Ita ce ke ba da damar a saurare ka a inda kake, ita ce kuma ke nuna cewa matafiyin yana da wurin komawa. Nijeriya ta buɗe hanyar neman bizar gajeriyar ziyara ta intanet a ranar 1 ga Mayun 2025, wanda hakan ya rage wa mutane zirga-zirga. Sai dai na'ura ba ta rage yawan hujjojin da ake bukata ba, hanyar miƙa su kawai ta sauya.

Abu na uku, wanda a ganinmu shi ne zuciyar wannan lacca, shi ne fahimtar tambayar da bizar yawon buɗe ido ke yi. Mu a wurinmu aure shi ne babbar hujja: matata ce, me kuma ake nema? Jami'in da ke duba takardu kuwa tambayarsa dabam ce. Shi abin da yake son ya tabbatar shi ne, in wannan mutum ya shiga, zai fita? Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, kuma a kan wannan karin magana aka gina bizar ziyara a ko'ina cikin duniya. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952, a sashenta na 214(b), ta fito fili ta ce duk mai neman irin wannan biza ana ɗaukar sa mai niyyar zama ne, har sai ya gamsar da jami'i cewa ba haka ba ne. Ƙasashen Turai na yankin Shengen ba sa barin mai ziyara ya wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ingila kan ba da wata 6, amma ba ta yarda a ɗaura aure da bizar ziyara ta yau da kullum ba, sai da wata ta musamman. Mun kawo waɗannan ne don a ga cewa tunanin iri ɗaya ne, ko da tsananin ya bambanta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Takardar auren da muke taƙama da ita tana nuna wa jami'i cewa matar nan tana da dalilin zama a ƙasar mijinta, alhali shi dalilin fitarta yake nema. Saboda haka mai hankali ba ya tsayawa a kan shaidar aure kaɗai. Sai ya haɗa da abin da ke nuna cewa rayuwarsu tana can inda suka fito: wasiƙar jami'a mai cewa mijin bai gama karatu ba, takardar wurin aikin matar in tana aiki, yarjejeniyar hayar gida, da shaidar makarantar yara in akwai. Sa'an nan a zo ga abubuwan da aka saba nema, watau fasfo mai sauran aƙalla wata 6, tikitin zuwa da dawowa, bayanin asusun banki da ke nuna akwai guzuri, da adireshin masauki. In a gidan dangi za a sauka, mai masaukin ya rubuto wasiƙar gayyata, ya ɗauki nauyin baƙuwar a gaban hukuma, ya haɗo da kwafin fasfonsa. Kada kuma a manta da katin allurar rigakafin cutar shawara. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai.

Ita kanta takardar auren akwai magana a kanta. Yawancinmu aurenmu a zaure ko a masallaci ake ɗaura shi, da waliyyi da shaidu da sadaki, kuma a addini ya cika ba sauran gyara. Amma ofis ba ya ganin shaidun da suka watse bayan fatiha, takarda yake gani. Wajibi ne duk wanda ya yi aure a waje ya yi masa rajista a hukumar ƙasar da aka ɗaura shi, ya sa a fassara takardar in da Larabci ko wani harshe take, a kuma buga mata hatimin ma'aikatar harkokin waje ta ƙasar da na ofishin jakadancinmu. A yi wannan tun ana cikin ɗokin amarci, kada a bari sai ranar da aka bugo waya cewa jikin tsohuwa ya tsananta. Haka nan a lura da rubutun suna. Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mamman a ta uku, ƙaramin abu ne a wurinmu, amma ya isa ya tsai da tafiya.

Daga nan sai mu ja kunnen junanmu game da ƙarya. Akwai masu ba da shawarar a ɓoye auren, a ce ita 'yar yawon buɗe ido ce kawai, wai don kada a yi zaton za ta zauna. Akwai kuma dillalan da ke cika wa mutum asusu da kuɗin aro na kwana biyu, ko su ƙago masa takardar otal da bai kama ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wadda ta rubuta yau cewa ba ta da aure, gobe in ta zo neman izinin zama a matsayin matar ɗan ƙasa, da wane baki za ta yi bayani? Hana biza saboda ƙarancin hujja ciwo ne mai magani, ana iya sake nema. Hana ta saboda ƙarya kuwa tabo ne da kan bi mutum shekaru. Haka kuma in niyyar ma'aurata ita ce su dawo gida ɗungurungum, to, kada su shigo ta ƙofar ziyara. Tsarin biza da gwamnati ta ƙaddamar a Fabrairun 2020 ya kasa biza gida 79, a ciki har da wadda aka keɓe wa abokan auren 'yan Nijeriya. Bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki, kuma wanda ya wuce kwanakin da aka ɗiba masa ya karya doka, ko da a ɗakin surukarsa yake kwana. A tuna kuma biza izinin isowa bakin ƙofa ce. Jami'in da ke filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ko na Abuja, ko na Legas, shi ke da maganar ƙarshe.

Yanzu bari mu juya misalin namu, domin 'yan'uwanmu mata su ma suna fita karatu. Mu ɗauka ɗalibar ce 'yar Nijeriya, mijin kuma ɗan wata ƙasa. Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, to, shi ma ɗan ƙasa ne. Ke nan 'ya'yanta suna da haƙƙin fasfonmu. Amma sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Nijeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, bai ba mijin 'yar Nijeriya irin wannan dama ba. Shi sai dai ya bi sashe na 27, wanda ke neman zaman shekara 15 a ƙasar. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa da ƙudurin da zai daidaita wannan, har mata suka yi zanga-zanga a ƙofar majalisar. Ma'anar wannan ita ce matar ɗan'uwanmu tana da hanyar da wata rana za ta daina neman biza, mijin 'yar'uwarmu kuwa tasa hanyar ta fi tsawo ƙwarai. Uwa da 'ya'ya su bi layin 'yan gida, uba ya bi na baƙi. Mun san ra'ayi ya bambanta a kan wannan, kuma kowace ƙasa na da ikon tsare iyakarta. Mu dai a namu ɗan ƙaramin tunani, in ana tsoron auren bogi ne, sai a tsananta bincike a kan maza da mata baki ɗaya, maimakon a rufe wa ɓangare guda ƙofa.

Kalmarmu ta ƙarshe ga yayyenmu ma'aikata ce, da mu kanmu da za mu bi sawunsu. Cikin waɗanda ke zaune a nan akwai waɗanda gobe za su sa kakin Hukumar Shige da Fice, ko su zauna a bayan tebur a wani ofishin jakadanci. Ranar da fayil ya zo gabanku, ku tuna cewa a bayansa akwai mutane, watakila har da tsohuwar da ke ƙirga kwanaki. Ba mu ce ku karya doka don tausayi ba. Abin da muke roƙo shi ne ku faɗa wa mai nema abin da ake bukata tun farko, a fili, kada ya kawo takarda ɗaya a ce saura ɗaya. In za ku hana, ku faɗi dalili, don ya san abin da zai gyara. Kada fayil ya kwana a aljihun tebur yana jiran goro. Ƙasar da ke son 'ya'yanta na waje su dawo da ilminsu ba ta kyauta wa kanta ba in ta wahalar da iyalansu a bakin ƙofa.

Mu kuma ɗalibai, in Allah ya kai ɗayanmu wata ƙasa, ya kuma haɗa shi da rabonsa a can, to, ya riƙe abu uku: ya yi wa aurensa rajista da wuri, ya kula da izinin zamansa da na iyalinsa, ya kuma faɗi gaskiya a kowace takarda. Shirin zaune ya fi na tsaye. Zumunci a ƙafa yake, amma a wannan zamani ƙafar ba ta ƙetare iyaka sai da hatimi.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda muka yi kuskure, malamanmu suna nan, sai su gyara mana.